Yadda ake shiga gasar kamun kifin bas a kogin da ruwansa ke cikowa yana janyewa

A Amurka kamun kifin bas, wani kifin tafki da kogi mai farautar ƙananan kifaye, sana'a ce da wasu ke riƙe gida da ita. Manyan ƙungiyoyin da ke shirya gasar guda biyu ne: B.A.S.S., wadda Ray Scott ya kafa a 1968, da Major League Fishing, wadda ta saye wata ƙungiyar gasa mai suna FLW a 2019. Kowace tana da matakin ƙwararru a sama, tana kuma da ƙananan gasanni da sabon shiga zai biya kuɗi ya gwada hannunsa. Wanda ya san Argungu sai ya ajiye wancan tsarin a gefe. Can homa ce da gora, a ruga cikin Matan Fada, mai giwan ruwa mafi girma ya ɗauki kyauta. Nan sandar fatsa ce da ƙoton roba, a yi kamar awa takwas a kan ruwa, a kawo kifi biyar a haɗa nauyinsu, sannan a mayar da su kogi da ransu.

Zan yi bayanin ne a kan kogin Potomac, wanda ya ratsa ta gefen Washinton ya faɗa mashigin Chesapeake, don shi na fi sani. Amma duk abin da zan faɗa yana aiki a kogin James na jihar Virginia, da sauran kogunan da teku ke turo wa ruwa. A mafi yawan irin waɗannan koguna ruwa yana cikowa sau biyu, yana janyewa sau biyu, a kusan kowace rana. Kifin da ya cika wuri da ƙarfe tara, ka dawo sha ɗaya ka rantse ba a taɓa halittar kifi a wurin ba. Saboda haka sanin wuri kaɗai ba ya cin gasa. Sai ka haɗa wurin da sa'arsa.

Kayan da za ka tanada

Kada ka fara da sayen jirgi. Gasanni irin su Phoenix Bass Fishing League da Toyota Series suna karɓar ɗan baya, wato wanda ba shi da jirgi, a haɗa shi da mai jirgi ta hanyar ƙuri'a, ya tsaya a bayan jirgin ya yi fatsarsa, a kuma gwada shi da sauran 'yan baya irinsa. Kuɗin shigarsa bai kama ƙafar na mai jirgi ba, ga karatu kyauta da zai sha. Jerin da ke ƙasa na ɗan baya ne.

- Sandunan fatsa biyar sun wadatar. Biyu masu ƙarfi, tsawon ƙafa 7 da 'yan inci, don cikin ciyawa, biyu matsakaita, ɗaya siririya mai ɗaukar ƙaramin ƙoto. Ka kawo goma, mai jirgi zai fara haɗe rai tun kafin a tashi.
- Zare iri biyu: tufkakken zare mai ɗaukar laba 50 zuwa 65, shi ke yanka ciyawa, da farin zaren fulorokabon na laba 15 zuwa 17, wanda kifi ba ya gani sosai a ruwa.
- Ƙoto: ChatterBait (ƙugiya mai nauyi da ɗan faifan ƙarfe a gaba da ke karkarwa in an ja ta), kwaɗon roba mai iyo a saman ruwa, tsutsar roba irin ta Senko, jatan landen roba, da ƙaramin kifin katako ko na roba mai faffaɗan leɓe da ke karo da itace ya kauce. Kala uku sun isa: kore mai duhu, baƙi da shuɗi, sai fari.
- Ƙugiyoyi masu kauri, da nauyin tangistin (wani ƙarfe mai nauyi da ke nutsar da ƙoto) daga rubu'in oza zuwa oza ɗaya da rabi. In tangistin ya yi maka tsada, darma ma tana yi, sai dai ta fi girma, ba ta ratsa ciyawa mai kauri da sauƙi.
- Rigar ceto taka ta kanka, rigar ruwan sama, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, almakashi, filaya, ƙaramin sikeli na hannu, da matsai masu kala da ake maƙala wa kifi a leɓe don a bambanta su. Sayi masu matsewa, ba masu huda baki ba.
- Lasisin kamun kifi. A Potomac abin yana da ɗan rikici: jikin kogin na jihar Maryland ne har zuwa gaɓar Virginia, ruwan da ke cikin birnin Washinton kuwa lasisinsa daban ne. Takardar gasa tana faɗin wanda ake bukata.
- Jadawalin cikowa da janyewar ruwa. Hukumar NOAA ta gwamnatin Amurka, mai kula da teku da yanayi, tana fitar da shi kyauta a intanet. Buga shi a takarda, ka sa a leda. Waya na iya faɗawa ruwa.

1. Yi rajista, ka karanta doka har ƙarshe

Dokokin ba su da yawa, amma kowace tana da haƙori. Ƙoton roba kawai aka yarda da shi, ba tana, ba ƙaramin kifi mai rai. Ba a jefa ƙoto a bar jirgi yana jansa. Duk lokacin da babban inji ke aiki, dole rigar ceto tana jikinka a ɗaure, direba kuma ya maƙala igiyar kashe inji. Akwai kwanakin da ake hana shiga ruwan kafin gasa, akwai kuma dokar hana karɓar labarin wuraren kifi daga wanda ba ya cikin gasar. Ana iya sa wanda ya ci a na'urar gano ƙarya, don haka kada ka ɗauka wasa ne.

Duba abu uku musamman. Na farko, adadin kifin da aka yarda wa ɗan baya, don wasu gasanni biyar ne, wasu uku. Na biyu, ko an halatta ragar ɗauko kifi. Na uku, tsawon kifi: a ruwan Maryland da teku ke taɓawa, bas sai ya kai inci 15 daga 1 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, sauran shekara inci 12. Kifin da zai wuce a watan Agusta zai jawo maka tara a watan Mayu.

Maganar biyan kuɗin shiga a fitar da kyauta daga ciki, malamai suna da bayani a kanta. Ka tambayi wanda ka amince da iliminsa kafin ka biya.

2. Zauna da jadawalin ruwa kafin ka taɓa ruwa

Nan ne gasar take, don haka bari in ɗan daɗe.

Daga cikowa zuwa wata cikowa awa 12 ne da kamar minti 25. Ma'ana kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Sabon shiga zai je gwaji ranar Alhamis, ya sami kifi suna ci a bakin wata ciyawa da ƙarfe 9:00, ya yi murna ya rubuta “ƙarfe tara”. Ranar Asabar ya je ƙarfe tara ya tarar da ruwa ya shafe ciyawar, kifi sun watse. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne “awa ɗaya kafin ƙarshen janyewa”, wanda ranar Asabar zai kama wajen 10:40.

Dalilin mai sauƙi ne. Idan ruwa ya cika, yana hawa kan ganyen bado, ya shiga jejin ciyawar gaɓa da ƙarƙashin faɗaɗɗun itatuwa. Bas ya sami fili, ya bazu, kai kuma ka rasa inda za ka jefa. Idan ruwa ya fara komawa, sai ya kwaso jatan lande da ƙananan kifaye daga lunguna ya fito da su. Bas ya ja baya zuwa bakin ciyawa na waje, ko bakin 'yar magudanar da ke zubowa daga fadama, ya juya kai yana fuskantar ruwa yana jiran abinci. A wurina babu kamar awa biyun ƙarshe na janyewa da awa ɗayan farko na cikowa. Lokacin da ruwa ya tsaya cik, ba gaba ba baya, shi ne mafi muni. A nan nake cin abinci, in sake ɗaura ƙugiya.

Bambancin ba wani mai yawa ba ne a ido, kusan ƙafa 3 a Washinton, ƙasa da haka in ka gangara kudu. Amma a filin ciyawar da zurfinsa ƙafa 4 ne, janyewar ƙafa biyu ta kwashe rabin gidan kifi ke nan.

Abu na biyu: ruwan ba ya juyawa lokaci ɗaya a duk kogin. Daga teku yake farawa ya hauro. Rafin Aquia da ke kudu yana kai ƙarshen janyewa kafin rafin Mattawoman, Mattawoman kuma kafin gadar Woodrow Wilson da ke kusa da Washinton. Masu jirgi da suka goge suna farawa daga kudu, su ci sa'ar wurin, su tada inji su ruga arewa su sake tarar da ita, su yi ta binta. Dabara ce mai kyau ga wanda ke da wurare da yawa da ya sani. Wanda bai da su gara ya zauna wuri ɗaya mai kifi ya jira ruwa ya zo masa. Justin Lucas ya ci gasar Bassmaster Elite, matakin ƙwararru na B.A.S.S., ta 2016 a wannan kogi, kuma akasarin kifinsa a jikin wani dogon dakali guda kusa da Washinton ya kama su.

Jadawali lissafin wata ne, bai san iska ba. Iskar arewa maso yamma mai ƙarfi tana kore ruwa daga kogin, a wuni ruwa bai cika yadda aka rubuta ba. Ta kudu ko ta gabas tana danno shi ciki, janyewar da kake jira ta ƙi zuwa. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu kuma cikowa da janyewa duk sun fi ƙarfi. Saboda haka in ka isa wuri, dubi ginshiƙin dakali. Jiƙaƙƙen tabon da ke sama da ruwa zai gaya maka nawa ya sauka. Dubi kuma inda ciyawa ta kwanta, ka san ina ruwa ya dosa.

3. Ranar gwaji

In ka sami wanda zai ɗauke ka, ka je. Nemi wuri na janyewa, ka nemi na cikowa, don awa takwas ɗin gasa za su haɗa duka biyun. Na janyewa: bakin filayen ciyawa, musamman inda iri biyu suka haɗu ko inda ciyawa ta yi rami. Na cikowa: bado, dakalan jirage, duwatsun da aka jera don kare gaɓa. Ka kama ɗaya ko biyu a wuri, tashi. Kifin da ya sha ƙugiya ranar Juma'a ba lallai ya ci ranar Asabar ba. Wasu ma lanƙwasa bakin ƙugiyar suke yi, su ji cizon kawai.

In ba ka sami gwaji ba, ba komai. Ɗan baya ba shi ke zaɓar wuri ba. Buɗe hoton tauraron ɗan'adam na kogin ka san sunayen rafuka, ka wuce.

4. Daren gasa

Za a turo maka sunan mai jirginka da lambar tashinku. Kira shi da wuri. Tambaye shi inda za ku haɗu, ƙarfe nawa, da irin ruwan da za ku yi fatsa a ciki, ciyawa ce ko itace, don ka ɗaura abin da ya dace. Kada ka tambaye shi sunan wurin. Wurin da ya kai ka amana ce, ba a bayar da labarinsa, ba a komawa da wani jirgin washegari. Ka riƙe kuɗin mai a aljihu, dala 50 ko fiye gwargwadon nisan tafiya, ka miƙa ba tare da ya tambaya ba.

Galibin gasannin ɓangaren Maryland daga Smallwood State Park suke tashi, a bakin rafin Mattawoman, kuma gari na wayewa ake sakin jirage. Yi sallar asuba a tudu kafin ka shiga layi. A lokacin zafi yawanci ana dawowa da sauran lokacin azahar.

5. A kan ruwa

Wurinka bayan jirgi. Ba ka jefa ƙoto gaban mai jirgi, ba ka tsallaka zarensa. Tunda shi ke fara taɓa kowane lungu, kada ka kwaikwaye shi. In yana jefa ChatterBait da sauri, kai ka bi da tsutsar roba a hankali. In yana jefawa gaɓa, kai jefa ɗaya gefen, wajen zurfi. Kifaye da yawa na 'yan baya daga ruwan da mai jirgi ya ba wa baya suke fitowa.

Ko da wane ƙoto ne, jefa shi sama da inda kake zaton kifi, ya gangaro tare da ruwa. Abincin gaske ba ya iyo yana gaba da ruwa mai ƙarfi, kuma bas ya san haka.

Idan ruwa ya rufe ciyawa da kamar ƙafa ɗaya ko biyu, lokacin ChatterBait ne. Naɗe zare a hankali har ka ji ya taɓa kan ciyawa, sai ka fizge. A wannan fizgar ake yawan cafkewa. Idan ruwa ya sauka, ciyawa ta kwanta a sama ta yi tabarma, ɗauko kwaɗo. Ja shi kaɗan, tsaya, ja, tsaya, musamman a bakin kowane rami. Za ka ga ruwa ya fashe, ciyawa ta yi sama, zuciyarka ta buga. Kada ka fizga a lokacin. Wannan ne kuskuren da kowa ke yi, ya ciro kwaɗon daga bakin kifi. Saukar da sanda, naɗe sakwan-sakwan ɗin zare, sai ka ji nauyi, sannan ka ɗaga da ƙarfi ka ci gaba da ja ba sassauci, don in ka ba shi daƙiƙa biyu zai nannaɗe kansa a ciyawa. In ya kai hari ya kuskure, maza jefa tsutsar roba cikin ramin da ya buɗe.

Rana ta take, ba iska, kifi sun shige ƙarƙashin tabarmar? Sa nauyin oza ɗaya ko fiye a gaban jatan landen roba, ka huda ciyawar, ya nutse, ɗaga sau biyu, ciro, matsa gaba. Aiki ne mai gajiyarwa, cizo kaɗan, amma manyan a nan suke.

Za ka kama abin da ba ka nema ba. Tarwaɗa tana nan da yawa, ga kuma wani kifi mai kan maciji ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Potomac a 2004, mai son kwaɗon roba kamar me. Ba ya cikin lissafi, haƙoransa na yanka yatsa, doka kuma ta hana riƙe shi da rai, don haka kada ya shiga tankin jirgi, wato tankin ruwan da ake ajiye kifi da rai.

6. Cika biyar, sannan ka fara musanya

Fara cika adadinka ko da ƙanana ne, muddin sun kai tsawo. Gwada kowane a allon awo na jirgi, baki a rufe. Wanda ya taɓa layi da ƙyar, ka sake duba shi kafin a dawo. Auna kowane, maƙala masa matsi, ka tuna kalar mafi ƙanƙanta. Da ka kama na shida, tsaya da fatsa, saki ƙaramin nan take. Jefa ƙoto alhali kana riƙe da fiye da adadi laifi ne. Kifin laba uku a wannan kogi mai kyau ne. Biyar irinsa sun isa su sa a kira sunanka cikin na gaba-gaba a yawancin ranaku.

7. Riƙe su da rai

Mataccen kifi yana jawo ragin nauyi, a gasanni da yawa oza 4 kan kowane, kuma ba a yarda ka jefar da shi ka maye gurbinsa ba. A Yuli da Agusta ruwan kogin yana wuce digiri 27 na Salsiyos, iskar da ke cikinsa ta ragu. Cika tanki tun da safe a jikin babban kogi, ba a cikin rafi mai laka ba. Famfon iska ya yi ta aiki ba tsayawa. Jefa gorar ruwa mai ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, kada sanyin ya sauka fiye da digiri biyar, don sanyin farat ɗaya ma yana kashewa. Gishiri marar aidin, sulusin kofi a galan 5, yana taimaka musu. Bayan awa biyu ko uku a sauya rabin ruwan. Jirgin ba naka ba ne, amma kifin naka ne: leƙa su akai-akai, in ka ga ɗaya ya kwanta a gefe ka yi wa mai jirgi magana.

8. Dawowa

Makarar minti ɗaya ragin laba ɗaya ce, bayan minti 15 kuma an soke kamun ranar gaba ɗaya. Potomac yana da faɗi, kuma in iska ta yi gaba da ruwan da ke janyewa, taguwar ruwa tana miƙewa tsaye, tafiyar minti 20 ta koma 40. Ga kututturan da ke yawo, ga alamun tarkon ƙaguwa da igiyoyinsu, ga wuraren da doka ta ce a tafi a hankali. A Mallows Bay akwai gawarwakin jiragen katako na zamanin yaƙin duniya na farko, wasu a ƙarƙashin ruwa kaɗan. Rafin da kuka shiga da cikar ruwa kuma yana iya zama taɓo lokacin fita. Jirgin da ya kafe sai ruwa ya dawo, ruwa kuwa ba ruwansa da agogon gasa. In ka ga lokaci na ƙurewa, tuna wa mai jirgi cikin ladabi. Ɗaure sandunanka, riƙe hularka.

9. Wajen awo

Kada ka zuba kifi a jaka sai an ba ka jakar gasa kuma layi ya matso. Cika ta da ruwan tanki, ka riƙa tsoma ta a bahon da aka jera a kan layi. Ma'aikaci zai ƙirga, ya gwada tsawo, ya duba masu rai, sannan sikeli. Karɓi takardar nauyinka ka duba kafin ka bar wurin; in akwai ƙorafi, lokacin shigar da shi gajere ne, kuma a rubuce ake yi. Su za su mayar da kifin kogi.

Taya mai jirgi ɗora jirgi a tirela, kwashe sharar da ka tara. Kafin ka tada mota, ɗauko littafinka ka rubuta kowane kifi: rafin da aka kama shi, zurfin ruwa, irin ciyawar, ƙoton, inda iska ta fito, da saura minti nawa ruwa ya kai ƙarshen janyewa ko cikowa a tashar awon hawan ruwa da ke cikin jadawali wadda ta fi kusa da wurin.